Graveyard ta Suwidin: masu kwaikwayon 'yan 1970 ne, ko buluz ɗin nasu na gaske ne?

Sani Mai Jita:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk ranar da aka kawo maganar kiɗan Suwidin a zauren nan, ABBA ake ambata, ko Avicii, in an matsa a ce Europe. Masu son kiɗa mai zafi su jero In Flames da At the Gates. Ban ga wanda ya taɓa kawo Graveyard ba, alhali a ganina tun daga shekarar 2000 zuwa yau babu ƙungiyar da ta haɗa buluz da rok mai nauyi ta yi shi da rai kamar su.

Mutum huɗu ne daga birnin Göteborg, sun haɗu a 2006. Joakim Nilsson ne ke waƙa yana kaɗa jita. Shi da Rikard Edlund mai jitar bes tun shekarun 1990 suke tare, a wata ƙungiya da ake kira Norrsken, su da Magnus Pelander wanda daga baya ya kafa Witchcraft. Albam ɗinsu na farko ya fito a 2007, sannan Hisingen Blues a 2011 a ƙarƙashin kamfanin Nuclear Blast na Jamus, Lights Out a 2012, Innocence & Decadence a 2015, Peace a 2018, sai wanda suka sa wa suna 6 a 2023.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake yanke musu hukunci tun daga hoto. Dogon gashi, gashin baki, tsofaffin amfilifaya, sai mutum ya ce ai 'yan kwaikwayon Led Zeppelin ne, ya wuce. To ku je ku ji The Siren, ta cikin Hisingen Blues. Jita ɗaya ce ke farawa a hankali, mai ganga yana taɓa kayansa kamar ba ya so a ji shi, muryar Joakim tana can ƙasa, a dakushe, irin ta mutumin da ya kwana bai runtsa ba. Kana zaune ka saki jiki, sai komai ya fashe lokaci guda, muryar ta haura sama tana tsagewa, sannan su sake saukowa su bar ka da shiru. Wannan hawa da saukar, da haƙurin barin fili a cikin waƙa, shi ne buluz. Ba a saye shi a shagon tsofaffin kaya.

Abba Situdiyo:
Wa alaikumus salam Yaya Sani. Na saurari wadda ka ce, na ƙara da guda uku. Sun iya, ba musu. Amma ni abin da na ji shi ne Black Sabbath a wajen nauyin jita, Led Zeppelin a wajen ihun, ɗan Cream a wajen ganga. Mene ne nasu a ciki? In ina son wannan kiɗan zan koma wurin masu shi. Rashin shaharar tasu ba zalunci ba ne, kayan da suke sayarwa an riga an sayar da shi tun iyayenmu na samari.

Ummu Hanan:
Bari in sa baki tunda a Göteborg nake zaune. Malam Sani, maganar cewa ba a san darajarsu ba, sai dai a waje. A nan an san su sarai. Hisingen Blues ya ci kyautar Grammis, wadda ita ce babbar kyautar waƙa ta ƙasar nan, a ɓangaren rok mai nauyi. Sun zagaya Amurka tare da Mastodon da Clutch a 2015, sun kuma bi Opeth can a farkon 2020. Amma ka lura, a irin waɗannan tafiye-tafiyen su ne masu buɗe fage, wasu ne manyan baƙi. To ta nan ina tare da kai.

Abin da nake so ku sani shi ne Hisingen ɗin da suka sa wa albam sunanta. Tsibiri ne, kogin Göta ne ya raba shi da tsakiyar gari, kuma nan nake haurawa aiki. Nan masana'antar Volvo take a Torslanda, nan tashar jiragen ruwa take, nan ne da ake ƙera manyan jiragen ruwa kafin sana'ar ta durƙushe a ƙarshen shekarun 1970. Har yau ƙaton ƙugiyar ɗaga kaya ta Eriksberg tana tsaye a bakin ruwa, an bar ta don tarihi, gidaje masu tsada sun kewaye ta. In ka ƙara shiga ciki, unguwanni irin su Biskopsgården, mu baƙi ne muka fi yawa. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. Kana cikin taragon lantarki kuna haye gada, iska na tasowa daga teku, ruwan sama ba ya tsayawa kuma ba ya yin ƙarfi, kowa ya sunkuyar da kai cikin rigar sanyi babu mai magana da wani. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a wannan gefen kogin ba zai tambayi inda Bature ɗan Suwidin ya samo baƙin cikin da zai yi buluz da shi ba.

Sani Mai Jita:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Kin ba ni abin da ban da shi. Na karɓi gyaran cewa a gida an karrama su. Amma ƙasar duka mutum miliyan goma ce da ɗoriya. A wajenta fa? Kawo sunan Greta Van Fleet ko Rival Sons, ƙungiyoyin Amurka masu irin wannan kiɗan, a ko'ina, za ka samu wanda ya sani. Graveyard sun riga Greta Van Fleet fitowa da shekaru, kuma a kunnena sun fi su zurfi nesa ba kusa ba.

Abba ƙanena, ka tambayi mene ne nasu. Na farko, ba sa jan waƙa don nuna gwaninta. Albam ɗinsu da wuya ya wuce minti arba'in da 'yan kai, ba solo na minti goma, ba waƙar da aka cusa don cike gurbi. Na biyu, jita biyun nan, ta Joakim da ta Jonatan Larocca-Ramm, ba sa bin sawun juna, ɗaya na riƙe ƙasa ɗaya na yawo a sama, su yi ta musayar wuri. Na uku, saurinsu na pank ne, wato rok mai gudu da tsauri, irin na yaran da suka taso a shekarun 1990, wanda Led Zeppelin ba su da shi. Saka waƙar farko ta Hisingen Blues ka ji yadda ganga ke shigowa a guje.

Baba Garmaho:
Salamu alaikum yara. Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba, amma yau kun taɓo inda nake.

Abba, ɗana, kalmar kwaikwayo da ka kama, in za a bi ta babu wanda zai tsira. Su Led Zeppelin da kake kira masu shi, a wurin wa suka ɗauka? A wurin Willie Dixon da Howlin' Wolf da Muddy Waters, har sai da Willie Dixon ya kai su kotu a shekarun 1980 aka sasanta, aka sa sunansa a waƙar da ake rigima a kanta. Muddy Waters shi kuma ya taso daga gonakin audugar Mississippi, ya je Chicago a 1943, ya tarar hayaniyar birni ta fi ƙarfin jitar katako, ya jona ta da lantarki. Buluz gado ne, ana karɓa a hannun wani. Abin tambaya kawai shi ne, da ka karɓa, ka sa ranka a ciki ko ka rataye shi a wuya don ado.

Na saurari yaran nan jiya da daddare. Waƙoƙinsu masu sanyi Peter Green suka tuna min, mai jitar Fleetwood Mac ta farko kafin ya bar su a 1970. Shi ma haka yake, bugu ɗaya zai yi ya bar shi ya yi ta kuka, ba ya gaggawar kai wa na biyu.

Amma Sani, in ana neman 'yan Suwidin da aka danne wa haƙƙi da gaske, ba waɗannan ba ne. November ce. Mutum uku daga Stokholm, Christer Stålbrandt a bes da waƙa, Richard Rolf a jita, Björn Inge a ganga. Sun fara a 1969, suka saki faifai uku tsakanin 1970 da 1972, suka watse. Kuma da harshensu suka yi waƙa, a lokacin da kowa ke ganin rok ba ya yiwuwa sai da Turanci. Wannan ya hana su ƙetare iyaka, amma su suka share filin da su Graveyard ke noma yanzu.

Abba Situdiyo:
Ranka ya daɗe Baba, na ji. Maganar Willie Dixon ta shige ni. Zan nemi November ɗin.

Ɗan Agadas:
Sannunku. Ni tambayata daban ce, kuma ba da faɗa na zo ba. Mu nan Nijar muna da Bombino, muna da Mdou Moctar, Mali na da Tinariwen, ga marigayi Ali Farka Touré na Niafunké. Turawa da kansu suke kiran kiɗan nan buluz na hamada. To don me za mu tsallake abin da ke ƙofar gidanmu mu tafi ƙasar ƙanƙara neman buluz? Kiɗan nan asalinsa daga yankinmu aka kwashe shi a jiragen bayi. In za mu yi kukan wanda ba a san darajarsa ba, akwai masu jita a Agadas da ke kaɗawa a bukukuwan aure da janareta da sifika ɗaya, waɗanda in ka ji su sai tsigar jikinka ta tashi, kuma ko waya mai kyau ba su da ita ta ɗaukar kiɗan.

Sani Mai Jita:
Ɗan'uwa, wallahi ban ƙi ta taka ba ko kaɗan. Son wannan ba ya hana son wancan. Ni ta hanyar Ali Farka ma na shiga buluz, daga shi na gangara wurin John Lee Hooker, daga nan na faɗa rok. Amma abubuwa biyu ne daban, kuma bambancin na da daɗin dubawa.

Kiɗan su Bombino zagaye yake yi. Za a kama amo ɗaya a yi ta juya shi, tafi da ganga na tafe kamar tafiyar raƙumi, zafin yana taruwa a hankali ba tare da an canza wuri ba. Haka mai gurmi ko mai garaya yake yi a wurinmu. Na Graveyard kuwa ya bi ta Chicago ya bi ta Landan kafin ya iso gare su, saboda haka gini yake da hawa-hawa: baiti, amshi, a sauka, a hau, a fashe. Inda suka haɗu shi ne ma'aunin sauti biyar ɗin nan, da lanƙwasa tsirkiya har ta yi kamar muryar mutum. Jonatan in ya ja tsirkiya sama ya riƙe ta tana rawa, kunnen da ya saba da kukuma ba zai ji baƙon abu ba.

Ɗan Agadas:
Wannan bayanin ya yi. Amma ka saurari Mdou Moctar na baya-bayan nan, shi ma yanzu fashewa yake yi, ƙarar amfilifayarsa ba ta gaza ta kowane ɗan rok ba. Da za a haɗa shi dandamali ɗaya da mutanen naka, ni na san wanda zan sa wa kuɗina.

Malam Nura:
Assalamu alaikum. Ban shigo don maganar hukuncin kiɗa ba, kowa ya san abin da malamai suka faɗa kuma kowa ya san inda ya tsaya. Abu ɗaya nake so a faɗa wa mutane gaskiya a kai. Na duba kalmomin waƙoƙin nan. A albam na farko akwai waƙar da sunan Shaiɗan ke cikin takenta. Ita kanta waƙar Hisingen Blues, a amshinta ana kiran sunan Iblis. Malam Sani, ka kawo mana su kana yabo ba ka ambaci wannan ba. Akwai yara a zauren nan da ba sa jin Turanci sosai, za su haddace amshi su yi ta rerawa ba su san me suke kira ba.

Sani Mai Jita:
Malam, abin da ka faɗa haka yake, yana cikin waƙoƙin, kuma hakkin mutane ne su sani. Abin da zan ƙara shi ne kada a haɗa su da 'yan baƙin metal na Norwe da suka ƙona coci-coci a farkon shekarun 1990. Waɗancan aƙida suka ɗauka. Waɗannan kuwa, yadda na fahimci waƙoƙinsu, mutum ne ke bayyana halin da ya faɗa, na ƙunci da shaye-shaye da rasa mafita, yana kiran abin da sunan da ya fi muni a harshensa. Kuma Lights Out da ya biyo baya kusan duka fushi ne da masu kuɗi da masu mulki da masu kaki, da yadda ake matse talaka.

Baba Garmaho:
Malam Nura, wannan rigimar ta girmi yaran nan da shekaru kusan ɗari. Baƙaƙen Amurka masu zuwa coci da kansu suke kiran buluz kiɗan Shaiɗan. Son House mai wa'azi ne kafin ya ɗauki jita, kuma har ya tsufa yana jin ana jan sa gefe biyu, kana ji a muryarsa. Robert Johnson, wanda ya rasu a 1938 yana da shekara 27, har yau ana yaɗa tatsuniyar cewa a mararraba ya sayar da ransa don ya iya jita. Tatsuniya ce, mutumin zama ya yi ya koya a wurin wani gwani. Amma ka ga daga nan wannan salon maganar ya shiga kiɗan, duk wanda ya gaji buluz sai ya gaje shi da ita. Ban ce ka yarda da shi ba. Na ce ka san daga inda ya fito.

Malam Nura:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na fahimci tarihin. Amma sunan da muke neman tsari daga gare shi safe da yamma ba zai zama abin ado a bakina ba, ko da wace niyya mawaƙin ya faɗe shi. Wanda zai saurara ya san abin da yake saurara, iyakar abin da na zo faɗa ke nan.

Ummu Hanan:
Ni ma Malam waɗannan biyun tsallake su nake yi, kuma ba na sa su a mota in yara na ciki. Mutanen ƙasar nan yawancinsu addini bai dame su ba, kalmar ba ta da nauyi a wurinsu kamar yadda take da shi a wurinmu. Wannan bai sa ta yi sauƙi a kunnena ba. Amma akwai waƙoƙinsu da yawa da babu ko ɗaya daga cikin wannan. A Innocence & Decadence akwai Too Much Is Not Enough, wadda kusan kiɗan sol na baƙaƙen Amurka ce, da mata masu amshi a baya, maganar rabuwar masoya kawai take yi. Wanda bai san su ba zai rantse daga Memphis ta fito.

Abba Situdiyo:
Jama'a na dawo, kuma da wani abu da ya ba ni mamaki. Na ɗauki Uncomfortably Numb na jefa ta cikin manhajar da nake haɗa kiɗa, don in ga gudunta. Ta ƙi zama a kan layi. In na daidaita farkonta, kafin a kai tsakiya ta zame, wajen ƙarshe kuwa da jitocin suka kama wuta ta tsere gaba ɗaya. Mu a situdiyo in mai ganga ya yi haka cewa muke kuskure ne, mu yanka mu jera kowane bugu a gurbinsa. Amma da na rufe allon na saurara da kunne kawai, wannan zamewar ita ce daɗin waƙar. Mutum huɗu ne ke numfashi tare, in mai waƙa ya ɗauki zafi kowa ya bi shi.

Namu kiɗan na yanzu bulon inji ne, kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa. Nasu tubalin hannu ne, ba biyu da suka zo ɗaya, amma ginin ya tsaya. Yaya Sani, wa ya ɗaukar musu?

Sani Mai Jita:
Don Alsterberg, a nan Göteborg ɗin su Hajiya. Shi ya yi musu ukun farko, kuma an san shi da ɗauka a kan tef maimakon kwamfuta. Shi ne ma ya yi wa Blues Pills albam ɗinsu na farko a 2014, ƙungiyar da Elin Larsson ke wa waƙa. A tef ba ka da damar gyara kowane bugu, sai dai ku iya waƙar ku shiga ku kaɗa ta. In an ɓata galibi sai a sake ɗauka. Sannan tef in aka tura masa sauti da ƙarfi ba ya tsagewa da kaifi irin na kwamfuta, murɗewa yake yi ya yi kauri, shi ya sa gangar mai gangarsu Axel Sjöberg take da wannan ɗumin. Innocence & Decadence kuma a situdiyon Atlantis na Stokholm suka yi shi, ɗakin da ABBA suka ɗauki waƙoƙinsu na farko-farko lokacin ana kiransa Metronome.

Abba Situdiyo:
To ni matsalata a nan Kano ba tef ba ce, ɗaki ne da wuta. Ina zan sa mutum huɗu da ganguna su yi wata uku suna atisaye ba maƙwabci ya kai ƙara wurin mai unguwa ba? Kuma man janareta wa zai saya? Shi ya sa kowa ya koma kibod da kwamfuta, mutum ɗaya ya gama komai cikin dare ɗaya.

Ummu Hanan:
Abba, ka taɓo sirrin ƙasar nan. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da makarantar kiɗa da al'adu ta yara, kuɗinta kaɗan ne, har aron kayan kiɗa suke bayarwa. Ɗiyata tana zuwa ta unguwarmu bayan an tashi makaranta. In yara sun girma suka haɗa ƙungiya, akwai ƙungiyoyin ilimin manya irin su ABF da Studiefrämjandet da ke taimaka musu da ɗakin atisaye. Saboda haka yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya samun ɗaki mai ganguna da amfilifaya, ya yi shekaru yana ɓata kiɗa har ya iya. Ƙaramin gari kamar Örebro ya fitar da Witchcraft da Blues Pills, ba tsafi ba ne.

Na taɓa ganin Graveyard a wani zaure a nan cikin gari, maigidana ne ya ja ni. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ba sa wasa da jama'a. Babu tsalle-tsalle, babu wuta mai tartsatsi, babu dogon surutu. Joakim zai ce na gode da harshensu, ya juya ya gyara tsirkiya, su shiga ta gaba. Gashi ya rufe masa fuska, jijiyar wuyansa ta miƙe in ya kai ƙarshen muryarsa. Da suka shiga wata mai sanyi, wani dattijo kusa da mu, da rigar aiki mai ɗaukar ido a jikinsa kamar daga tashar jirgi ya taho, ya rufe ido ya dafa ƙarfen gabansa har aka gama. Ina ganin wannan rashin iya tallan kai yana cikin abin da ya hana su zama manya a Amurka. Can ana son mai waƙa ya zama ɗan wasa.

Sani Mai Jita:
Akwai wannan, akwai kuma watsewar da suka yi a daidai lokacin da ya kamata su haura. Rikard ya tafi a 2014, Truls Mörck wanda shi ne mai jitarsu a albam na farko ya dawo ya karɓi bes. Sai a watan Satumba na 2016 suka sanar sun rabu saboda saɓani a tsakaninsu, aka soke wasannin da aka shirya. A Janairun 2017 suka dawo, amma ba Axel, Oskar Bergenheim ne a kan ganga. Wata huɗu kawai, amma ƙungiyar da ke kan hawa in ta tsaya, masu shirya manyan bukukuwa sun riga sun kalli wani.

Baba Garmaho:
Kuma tafiyar mai gangan nan an ji ta. Na saurari Peace yau da safe. Sabon yaron yana da ƙarfi, hannunsa a tsaye yake, amma na farkon yana da wani lilo irin na 'yan jaz, yana gaba yana baya, bugunsa na yawo a kan ƙananan ganguna kamar Ginger Baker ko Mitch Mitchell. Shi ne ke sa kiɗan ya yi kamar zai kife amma bai kife ba. Ni a wurina Graveyard ta gaskiya ita ce ta 2011 da 2012.

Sani Mai Jita:
A nan kam Baba zan saɓa maka, da girmamawa. Peace ya fi nauyi, na yarda, kuma ya fi kusa da rok zalla. Amma ka ba 6 lokaci. Sun koma wurin Alsterberg, sun rage gudu, kusan rabin albam ɗin a hankali yake tafiya, duhunsa ya fi na kowanne. Oskar a can ba ya cika wuri, yana barin fili, kuma muryar Truls da ke karɓar wasu waƙoƙin tana da laushin da ta Joakim ba ta da shi. Mutane ne da suka haura shekara arba'in suna kiɗan da ya dace da shekarunsu, ba sa ƙoƙarin komawa samari. A cikin shidan shi ne ya fi kusa da buluz ɗin da kake magana a kai, na Peter Green.

Ɗan Agadas:
Na saurari 6 ɗin a hanyar Tawa jiya, direban ma bai ce in kashe ba. Na fi son shi a kan na 2011 ɗin da kuke ta yabo, ihun ya yi min yawa a wancan. Amma har yanzu ina kan bakata game da Mdou.

Baba Garmaho:
To Sani, zan saurare shi in an sauko daga masallaci gobe. In ban ji lilon nan a ganga ba, zan dawo in gaya maka. Kai kuma Abba, ka fara da faifan November na 1970 kafin na biyun, kuma ka sa kunne a kan bes, don mai waƙar ne ke kaɗa ta.

Abba Situdiyo:
An gama Baba. Akwai wani mai ganga a Sabon Gari da ke kaɗa wa coci, na yi masa magana, ya ce ranar Talata ba shi da aiki. Zan kawo mai bes da mai jita, makirfo huɗu nake da su, zan kashe na'urar ƙidayar bugu mu ɗauka kai tsaye. In akwai wanda ya san inda zan samu aron amfilifaya mai kwalba a cikin Kano, ya yi min magana ta akwatin sirri.